Mutumin nan mai kaɗa tsinke a gaban makaɗa: me yake yi, kuma da gaske don 'ya'yan talakawa yake yi?

Tambaya: Na ga bidiyon wani mutum mai nannaɗaɗɗen gashi tsaye a gaban makaɗa sun fi ɗari, yana ta wurga hannu da wani ɗan tsinke, shi kuwa ba ya kaɗa komai, ba ya busa komai. An ce sunansa Gustavo Dudamel, wai kuma ya yi suna wajen koya wa 'ya'yan talakawa kiɗa kyauta. Ni malamar firamare ce. Mene ne ainihin aikinsa? Shi kuma batun 'ya'yan talakawan nan, da gaske ne, ko irin hoton nan ne da manya ke ɗauka da marayu ranar sallah?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina koyar da kiɗa a makarantun sakandare, na kuma sha tsayawa gaban yara da irin wannan tsinken, don haka tambayarki ta faɗo gidan sauƙi. Sai dai ki yi haƙuri zan ɗan ja ki da nisa, domin amsar tambayarki ta biyu tana kwance ne a cikin ta farko.

Irin taron makaɗan da kika gani shi ake kira okestira. Cikakkiya takan kai mutum 80 zuwa 100. Fiye da rabinsu masu goge ne, daga ƙaramin da ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa har zuwa ƙaton da sai an tashi tsaye ake kaɗa shi. A bayansu masu busa, dangin sarewa da dangin algaita, sai masu ƙahonin tagulla irin na 'yan badujala, can ƙurya kuma masu tambura. Kowannensu takardar da ke gabansa layinsa kaɗai ta ƙunsa. Mai ƙaho yana iya zama minti 10 bai busa komai ba, yana ta ƙirge a zuci, sannan ya shigo da sauti guda, wanda in ya riga lokacinsa da ƙiftawar ido ya ɓata aikin mutum 90. Wanda ke zaune a wannan gefe kuma ba ya jin na wancan gefe sosai, abin da ke isa kunnensa ya riga ya ɗan makara. Mutum ɗaya ne ke riƙe da littafin da ya haɗa layin kowa, shi ne kuma ke tsaye a inda sautin duka yake haɗuwa. Turawa da sunan yaron mota suke kiransa, kwandasta. Ni dai jagora zan riƙa cewa.

Hannunsa na dama shi ke ba da bugu, wato saurin tafiyar kiɗan. Na hagu shi ke cewa ku sassauta, ku ƙara, kai shigo yanzu, ke dakata. Ido da gira da numfashi suna yin sauran. Amma abin da kika gani a bidiyo ƙarshen aiki ne, kin zo ne an riga an sauke tukunya. Girkin a wurin bita ake yinsa, zama uku ko huɗu kafin ranar wasa, kowanne kamar awa biyu da rabi. Mawallafin da ya mutu shekara 200 da suka wuce ya rubuta "da sauri" a saman takarda, to saurin mai keke ko na mai doki? Ya rubuta kowa ya ɗaga sauti, alhali ƙahon tagulla guda na iya binne masu goge goma, to wa zai rage? Duk jagora ne ke yanke wannan, sannan ya shawo kan mutum 100, waɗanda da yawansu sun girme shi kuma sun kaɗa wannan kiɗan tun bai san hanyar makaranta ba, su yarda su bi ra'ayinsa.

Ga inda gizo ke saƙar. Mai goge yana iya kulle ɗaki ya yi ta gurza awa shida shi kaɗai har ya gwanance. Jagora ba shi da wannan gatan, domin abin kiɗansa mutane ne, tara su kuwa kuɗi ne. Ni a gaban madubi na koyi wurga hannu, ina ganin na iya. Ranar da na fara tsayawa gaban yara 40 a wata makaranta, na ɗaga hannu na sauke da ƙarfi, sai suka shigo kamar kajin da aka watsa wa tsaba, kowa da lokacinsa. Na sake, haka. Na fara faɗa. Wani dattijo da ya yi ritaya daga badujala, wanda ke taimaka mana da gyaran ƙahoni, ya ja ni gefe ya ce laifin nawa ne: kafin hannu ya sauka, sai na ja numfashi yaran sun gani, domin a cikin wannan ɗagowar suke karanta saurin da nake so. Madubi bai taɓa gaya mini haka ba, tunda madubi ba ya makara. Shi ya sa a Turai hanyar da aka saba doguwa ce: matashi ya shekara da shekaru yana kaɗa fiyano a gidan wasan opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa, yana yi wa mawaƙa bita, yana jiran ranar da maigida zai kwanta ciwo a ce ya hau.

To Dudamel bai bi wannan layin ba, kuma dalilin shi ne amsarki.

An haife shi ranar 26 ga Janairu, 1981, a Barquisimeto, wani birni a yammacin Benezuwela. Mahaifinsa mabushin turombon ne, wato ƙahon nan da ake zurawa ana janyowa, a ƙungiyoyin kiɗan rawa na salsa, mahaifiyarsa kuma malamar waƙa. Shi ma ƙahon ya so, hannunsa ya gaza tsawo, aka ba shi goge. Ki lura tun nan, ba ɗan bola ba ne da aka tsinto, ɗan masu ƙaramin ƙarfi ne da kiɗa ke cikin gidansu. 'Yan jarida sun so su mai da shi almara, shi kuwa labarinsa bai buƙaci ƙarin gishiri ba.

Inda ya koyi gogen shi ne muhimmi. A 1975, shekara shida kafin a haife shi, wani masanin tattalin arziki kuma makaɗi, José Antonio Abreu, ya kira bita a wani garejin motoci a Karakas, babban birnin ƙasar. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa an ba shi kyautar magirkan takarda 50, yana sa ran yara 100, sai 11 suka zo. Daga nan shirin da ake kira El Sistema ya tsiro. Abreu mutum ne da ya san ƙofofin gwamnati, ya taɓa zama ɗan majalisa, daga baya ya riƙe ministan al'adu, lokacin kuma kuɗin man fetur na malala a ƙasar. Wayonsa shi ne ya sayar wa hukuma da shirin a matsayin aikin jin ƙai da raba yara da titi, maimakon nishaɗin masu kuɗi, don haka gwamnatoci suka yi ta sauyawa, na dama da na hagu, kasafinsa na nan. Tsarin kuwa ya saɓa wa na Turai. A can yaro kan shekara yana koyo shi kaɗai da malami kafin a bar shi ya zauna cikin taro. A cibiyoyin Abreu tun makon farko ake jefa yaro cikin okestira, bayan an tashi daga makaranta, kusan kowace rana, kayan kiɗa kyauta. A wasu cibiyoyin ƙananan yara da gogen kwali suke farawa, wanda iyayensu suka taya su liƙawa, su koyi riƙo da zama da kallon jagora kafin a damƙa musu na gaske. Wanda ya iya layi uku kuma shi ke koya wa wanda ya iya ɗaya.

Ƙasar da ta cika da okestirorin yara, dole ta nemi masu tsayawa a gabansu. Dudamel yana ɗan shekara goma sha kaɗan, wata rana malami ya makara zuwa bita, sai ya tashi yana kwaikwayon manyan jagorori don a yi dariya. Yaran suka bi hannunsa, wasa ya zama gaske. A 1996 an ba shi wata ƙaramar ƙungiya a garinsu. Ya yi karatun jagoranci a wurin Rodolfo Saglimbeni, sannan Abreu ya ɗauke shi ya riƙe da kansa. A 1999, yana da shekara 18, aka ɗora shi kan babbar ƙungiyar matasan ƙasar mai suna Simón Bolívar. Abin da ɗalibin Jamus ko Ingila ke samu na 'yan mintoci a zango, shi yana samunsa awa-awa kullum, a gaban abokan wasansa da ba za su ji kunyar gaya masa ya yi shirme ba.

Shi ya sa da ya je gasar jagorori ta Gustav Mahler a Bamberg ta Jamus a 2004, yana ɗan shekara 23, ba Jamusanci, Turancin ma kame-kame, ya lashe ta. Alƙalai sun ga yaro, amma hannun na tsohon hannu ne. Ɗaya daga cikinsu, Esa-Pekka Salonen, shi ne jagoran okestirar Los Angeles a lokacin, shi ya kai labari gida. Daga nan abin ya tafi kamar wutar daji: jagorancin okestirar Gothenburg ta Suwidin daga 2007, sai wasan nan na Landan a Agustan 2007 da matasan Simón Bolívar suka sa rigunan tutar ƙasarsu suna juya goge a sama suna rawa, Los Angeles daga 2009, bikin sabuwar shekara na Vienna a 2017 inda ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa jagorantarsa, gidan opera na Paris daga 2021 zuwa 2023, sannan a Fabrairun 2023 aka sanar zai koma New York daga 2026. Wannan jerin ba shi ya dame ni ba, ana samun masu irinsa.

Abin da ya sa na ce ba hoton sallah ba ne, shi ne abin da ya faru a Los Angeles. Shugabar okestirar ta lokacin, Deborah Borda, ta je har Karakas tana zawarcinsa, ta ga cibiyoyin da idonta. A 2007, shekarar da aka sanar da naɗinsa, tun saura shekara biyu ya kama aiki, aka buɗe shirin YOLA na koya wa yara kiɗa kyauta a kudancin birnin, yankin baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, da yara kimanin 80. Ranar 3 ga Oktoba, 2009, wasansa na farko a matsayin jagora, kyauta aka yi shi a filin Hollywood Bowl gaban mutum kusan 18,000. Kafin ya taɓa ƙwararrun da ake biyansa dominsu, sai da ya fara tsayawa gaban yaran nan, waɗanda ba su fi shekara biyu da riƙe goge ba, suka kaɗa wani yanki na simfoni ta 9, wato wani dogon kiɗan okestira, ta shahararren mawallafi Beethoven. Bikin masu hannu da shuni, na tikiti mai tsada, sai bayan kwana biyar aka yi shi. Wanda ya san yadda waɗannan gidajen ke ji da masu ba su kuɗi ya san wannan jerin ba ƙaramar magana ba ce.

Wasa ɗaya dai ba ya zama hujja. Hujjar ita ce abin da ya ɗore. Yau YOLA na da yara kimanin 1,700, daga shekara 6 zuwa 18, ana ba su kayan kiɗa kyauta, da darasi da ke kaiwa har awa 18 a mako, da taimakon karatun boko. A 2021 aka buɗe musu gidansu na kansu a Inglewood, wani tsohon banki ne da Frank Gehry ya sake zanawa, mutumin da ya zana babban zauren okestirar da ke tsakiyar birni. Ke malama ce, kin fi ni sanin bambancin baƙon da ya zo ya raba alewa ya tafi da wanda ya sa aka gina aji aka sa albashin malami a kasafi. A Sikotland ma, a unguwar Raploch ta Stirling, an fara irin shirin a 2008, kuma a Yunin 2012 ya je ya tsaya gaban ɗaruruwan yaran wurin a fili. A 2022 kuma ya shirya opera ɗaya tilo da Beethoven ya rubuta tare da 'yan wasa kurame, da ƙungiyar nan ta garinsu mai fararen safar hannu, waɗanda ke rera waƙa da maganar hannu. Beethoven ɗin kansa da kurumta ya ƙare rayuwarsa.

Sai dai kada ki ɗauka shi ke shiga aji kullum. Mutumin da albashinsa ya haura dala miliyan 2 a shekara, yau yana Berlin gobe yana Tokyo, yaro zai yi sa'a in ya gan shi sau 'yan kaɗan a shekara. Masu gyara riƙon goge da share majina da kiran iyaye in yaro ya daina zuwa, malamai ne irinki da ba wanda ya san sunansu. Aikinsa shi ne ya ari sunansa ya buɗe aljihun masu kuɗi, ya kuma tilasta wa gidan da ya ɗauke shi ya ɗauki yaran tare da shi. A ganina wannan aiki ne na gaske, amma a kira shi da sunansa.

Akwai kuma inda labarin ke da tabo, ba zan ɓoye miki ba. A 2014 wani malamin jami'a ɗan Ingila, Geoffrey Baker, wanda ya je Benezuwela yana mai sha'awar shirin, ya dawo ya wallafa bincike mai zafi. Ya ce ya tarar da tsari irin na soja, tsawa da bita mai tsawon da ya wuce ƙima, malaman ƙauye na karɓar abin da bai taka kara ya karya ba, kuɗi kuwa na tafiya ga manyan ƙungiyoyin da ake yawon nunawa a Turai. Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka, wanda ya ba shirin rancen dala miliyan 150 a 2007, shi ma ya sa aka bi yara kusan 2,900 a cibiyoyi 16. An ga ɗan ci gaba wajen kamun kai da raguwar fitina, musamman ga yara maza da suka taso cikin tashin hankali. Amma kusan kashi 17 cikin ɗari ne kawai na yaran binciken suka fito daga gidajen talauci, alhali a jihohin da suke talakawa sun kusa kashi 47. Wannan bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Kyauta ba ta isa ta jawo ɗan talaka tilis ba. Yaron da zai zo bita kullum da yamma sai yana da kuɗin mota, da wanda zai raka shi, kuma ba a jiran abin da zai samo kafin a ɗora tukunya. Duk wanda ya taɓa buɗe darasin yamma kyauta ya ga su wa ke zuwa.

Tabo mafi girma kuwa na siyasa ne. Shirin da ya yi Dudamel da kuɗin gwamnati yake numfashi, daga 2011 ma kai tsaye ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa aka mai da shi. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. A Maris 2013 shi ya jagoranci kiɗa a jana'izar shugaban ƙasa Hugo Chávez. Ranar 12 ga Fabrairu, 2014, ana kashe mutane a zanga-zanga a Karakas, shi yana kan dandamali ana bikin cikar shirin shekara 39. Gwanar fiyano 'yar ƙasarsu, Gabriela Montero, ta rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa tana cewa shirun ya isa. Ya amsa daga baya a wata jaridar Los Angeles cewa shi ba ɗan siyasa ba ne, kuma ba ya so a jefa shirin yara cikin rikicin ɓangarori. Mutane da yawa sun kira wannan tsoro. Ni na fi ganinsa a matsayin gaba kura baya sayaki: in ya yi magana, ba shi za a taɓa ba, yana can Amurka, dubban ɗaruruwan yara da malamansu ne a hannun waɗanda zai ɓata wa rai.

Abin da ya ɓalle bakinsa shi ne ranar 3 ga Mayu, 2017, da aka harbe Armando Cañizales a wurin zanga-zanga, matashi ɗan shekara 18, mai goge, ɗan El Sistema. Washegari Dudamel ya fitar da sanarwa yana kiran gwamnati ta saurari jama'a ta daina danniya, a Yuli kuma ya yi rubutu yana sukar shirin sake tsarin mulki. Shugaban ƙasa na lokacin, Nicolás Maduro, ya yi masa ba'a a talabijin, yana yi masa maraba da shigowa siyasa. Cikin 'yan kwanaki aka soke rangadin da ƙungiyar matasan ƙasar za ta yi da shi a Amurka, a Oktoba aka soke na ƙungiyar Simón Bolívar zuwa Asiya. Yaran da suka yi watanni suna bita su aka bari da akwati a ɗaure. Abreu ya rasu a Maris 2018, shi kuwa ɗalibin nasa sai da ya shafe shekaru bai taka ƙasar ba. Abin da ya ji wa tsoro shi ya faru, sai dai hakan bai wanke shekarun da ya yi shiru ba, kuma har yau 'yan Benezuwela ba su daina jayayya a kansa ba.

To in kin ce in yanke, zan ce da gaske yake, dalilina kuma na sana'a ne. Yawancin manyan jagorori da ke zuwa wurin yara daga sama suke saukowa, za ki ga suna magana a hankali suna murmushin dole, kamar likita a ɗakin jarirai. Shi a irin wannan ɗakin aka yaye shi. Yaran unguwa ne suka koya masa aikin da Vienna ke biyansa a kai, domin su ne suka yi ta shigowa a karkace har hannunsa ya miƙe. Ba shi kaɗai ba ne ma, Rafael Payare da ke jagorantar okestirar Montreal da Domingo Hindoyan na Liverpool duk daga wannan tukunyar suka fito.

Ki nemi bidiyonsa guda biyu ki ajiye kusa da juna, ɗaya da ƙwararrun Vienna ko Berlin, ɗaya da yara. A na farko akwai wuraren da zai kusan sauke hannu ya bar su su tafi, gira kawai yake ɗagawa. A na yaran za ki ga bugun ya faɗaɗa, a fili, kowane ɗaya-biyu-uku-huɗu na fita kamar rubutun allo na 'yan aji ɗaya, idonsa kuma na can layin baya inda aka fi ɓacewa. Ki rage sautin gaba ɗaya, ki tsayar da hoton daidai kafin su fara, ki duba ƙirjinsa da kafaɗunsa. Za ki ga numfashin nan da dattijon badujala ya gaya mini, kuma za ki ga yaran layin gaba sun ja shi tare da shi.